Ƙullutan Bangon Baba

Auta ba ta iya shiga ɗakin mutum ta zauna lafiya. Kafin a kawo mata ruwan sha ta gama rushe ɗakin a cikin kanta ta sake gina shi: kujerar nan ta tare hanya, labulen can ya shanye haske, firij kuma wane mai hankali ne ya cusa shi bayan ƙofa? Sana'arta ke nan, tsara cikin gida, kuma maganar gaskiya ta iya, ba mai ƙwace mata wannan. Shekara goma sha ɗaya tana yi wa ofisoshi da shaguna da gidajen masu hali, tef ɗin awo ba ya barin jakarta ko dubiya za ta. Gida ɗaya tak ya gagare ta a duniya, shi ne gidan da aka haife ta.

Babanta magini ne, shi ya ɗora gidan da hannunsa, bulo bayan bulo, a ranakun da ba shi da aikin mutane. Ɗaki biyu ne da falo, sai wani siririn lungu mai duhu da ya ratsa bayan falon, kicin a tsakiyarsa, banɗaki a ƙarshe. A zamanin ƙarfinsa, in Baba ya ja igiya ya ɗora bango, ko ka zo da ma'auni sai dai ka gwada lafiyar ma'aunin naka. Amma a shekaru biyun ƙarshe na rayuwarsa sai ya tsiro da wasu ayyuka da Auta ke jin kunyar a gani. Ya bi katakon gefen ƙofofi duka ya lafta masa wani shuɗin fenti mai duhu, kusan baƙi. Ya kafa guntun katako a ƙasa, a gicciye, dab da 'yar matakalar da ake sauka kicin. Mafi muni, ya bi bangon gidan yana manna ƙullutan siminti, kowanne bai wuce ƙwan kaza ba, nan ɗaya, can biyu, gaba uku a jere, ko shafe su bai yi ba. Ta taɓa tambayarsa wannan kuma mene ne, ya yi dariya ya ce hannu ne ya tsufa. Ta yarda, har tausayinsa ta ji. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa.

Inna ita kaɗai ta rage a gidan, kuma Inna ba a taɓa mata kaya. Ko kujerar roba Auta ta ja gefe don ta miƙe ƙafa, kafin ta sa takalmi za a ce ta mayar da ita inda ta same ta. Tsohuwar kabad ɗin kwanuka da ta cinye rabin hanyar falo kuwa, Auta ta yi lallashi, ta yi zolaya, ta nuna hotunan sababbi a waya. Inna takan karɓi wayar ta riƙe, ta gyaɗa kai, ta ce ai kuwa da kyau, ta miƙo mata abarta. Auta takan koma gida tana mita, wai tana ƙawata wa bare ɗaki uwarta na zaune cikin tarkace.

Sai ga maganar ido. Wata maƙwabciya ce ta tsegunta wa Yaya, wan Auta, cewa ta ga Inna a ƙofar gida ta daɗe tana laluben ramin kwaɗo da makulli. Inna ta ce yanar ido ce kawai, tsufa ne. Yaya na aiki a wani gari mai nisan awa huɗu a mota, kuma akwai asibitin ido kusa da shi. Ya zo ɗaukarta, ya ce likita ya ce da gwaje-gwaje da aiki da jinya sai ta yi mako shida. Shi a ransa ba mako shida ba ne, tafiya ce gaba ɗaya. Ya riga ya gyara mata ɗaki a gidansa, ya ce tsohuwa ba za ta ci gaba da zama ita kaɗai a gidan da daɓensa ya farfashe, lungunsa duhu ko da rana tsaka ba. Inna ta kafe kai da fata, ta ce a ɗakin da mijinta ya gina za ta cika, kowa ya ji da kyau. Auta ta goyi bayan Inna. Ta ja Yaya gefe ta ce ya ba ta makon nan shida, in ya dawo ya ga abu ɗaya da zai kayar da tsohuwa a gidan, to ya ɗauke ta, ba za ta ce uffan ba. Ya ce ya ji.

Da Inna za ta shiga mota ta damƙa wa Auta makulli, ta ce kwanon rufin kicin ne ke yoyo, shi kaɗai za a taɓa. Auta ta ce to. Irin to ɗin nan ne da 'ya'ya ke yi wa iyaye in sun riga sun gama yanke shawara.

Motar ba ta sha kwana ba ta zaro tef. Ta auna gidan lungu da saƙo, bango zuwa bango, ƙasa zuwa rufi, faɗin kowace ƙofa, tsayin kowace taga, ta zana shi tsaf a takarda. Kuma kada wani ya ce don burga ta yi, wallahi ba ta taɓa sa zuciyarta a aiki kamar wannan ba. Duk abin da ta sani game da ɗakin tsoho ta zuba shi. Bangon da ya raba falo da lungu ta sa aka rushe, haske ya kwararo tun daga tagar gaba har ƙofar banɗaki. Daɓen da ya farfashe aka ɓamɓare, aka shimfiɗa tayil mai ɗan kaushi wanda ba ya santsi ko an zubar da ruwa. Matakalar kicin aka cike ta, dokin ƙofar shigowa aka daidaita shi da ƙasa, gidan ya zama shimfiɗa ɗaya, ba tudu ba gangare. Ƙofar ɗakin Inna ta sa kafinta ya juya ta ta riƙa buɗewa waje, don in tsohuwa ta faɗi a bayanta a iya shiga. Ta matsar da gado yadda taga za ta zo ta gefensa. Kabad da manyan kujerun nan biyu ta kai su ɗakin ajiyarta, ta bar hanya mai faɗi ko'ina, yadda mutum biyu za su jera ba kafaɗar da za ta gogi wata. Fenti kuwa launi ɗaya ta zaɓa, ruwan madara, bango da ƙofa da silin duka, don ido in bai sami inda zai tsaya ba sai ƙaramin ɗaki ya yi masa girma. Burinta ɗaya ne: ranar da aka cire wa Inna bandeji ta dawo, farkon abin da za ta gani ya zama haske.

Mai filastar da ta kira tsohon yaron aikin Baba ne, yanzu shi ma furfura ta cika masa gemu, su Auta tun suna ƙanana Kawu suke ce masa. Ranar da za a gyara bango ya ɗauki guduma da kurfi ya tsaya gaban ƙullutu na farko, ya daɗe bai buga ba. Ya matsa ga na gaba ya jingina ƙugunsa, ya matsa ga na gaba ya sake jinginawa. Sannan ya ce wa Auta shi fa abin nan ya ɗaure masa kai, duk tsayinsu ɗaya ne daga ƙasa, kuma hannun da ke rawa ba ya rawa a layi ɗaya. A lokacin waya na manne a kunnenta, tana faɗa da mai tayil da ya aiko kwali uku masu wani launi daban. Ta rufe bakin wayar da hannu.

"Kankare su, Kawu. Sumul nake son bangon nan."

Ya kankare. Ashirin da uku ne, shi ya ƙirga, ita ba ta tambaya ba. Suka bi ɓaraguzai a baro, aka juye su a wani rami da ruwa ya ci a bakin titi, motoci suka bi ta kai.

Ana saura kwana huɗu Inna ta dawo, Auta na tsaye tana nuna wa mai labule inda zai kafa ƙarfe, Yaya ya kira. Ya ce an cire yanar, amma ba yanar ce matsalar ba. Likita ya ce jijiyar idon ce ta mutu, kuma ba jiya ba. Idon dama ya yi shekara biyar ko fiye ba ya ganin komai, na hagu kuwa iyakarsa ya raba haske da duhu, ya gane abu in babba ne kuma baƙi a jikin fari. Auta ta ce ƙarya ne, likitan bai san aikinsa ba. Ba wata biyu da suka wuce Inna ta tashi a gabanta ta shiga kicin ta haɗo mata shayi, ta dawo ta ajiye kofin a kan tebur ko ɗigo bai zuba ba? Yaya ya ce shi ma haka ya faɗa wa likitan, likitan ya girgiza kai kawai. Ta tambaya me Inna ta ce. Ya ce ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba, magana ɗaya take ta maimaitawa: a mayar da ita gida, a gida tana gani.

Auta ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa ta yi kukanta. Amma ga irin wautar mai ilimi, da ta fito ta dubi falon nan fes, ba abin tuntuɓe ko ɗaya, sai ta ji sanyi a ranta. Cewa ta yi Allah ne ya sa ta yi gyaran a kan lokaci.

Da la'asar suka iso. Inna ta fito daga mota da baƙin tabarau irin na asibiti, ta rame, Yaya na riƙe da gwiwar hannunta. Tana taɓa ƙarfen ƙofar gida ta zame hannunta daga nasa. Ta ratsa tsakar gida ita kaɗai, a miƙe, ba ko tangaɗi, har Yaya ya dubi Auta da mamaki. Ta zo bakin falo ta ɗaga ƙafa za ta ƙetare dokin ƙofa, ƙafar ta sauka a inda babu komai, ta yi taga-taga kamar za ta kifa. Ta tsaya. Ta miƙa hannun dama ta dafa bango daidai ƙugunta, ta shafa gaba, ta shafa baya. Ta ƙara taku biyu tana shafawa. Ta ƙara uku, zuwa inda bangon lungu yake a da, hannunta ya faɗa cikin iska.

"Gidan wa kuka kawo ni?"

Auta ta matso tana zuba bayani kamar tana gaban mai ba da aiki: tayil ɗin ba ya santsi, an cire matakala, ƙofa na buɗewa waje, ga haske ko'ina. Inna ta bari sai da ta kai aya.

"Ina hannun babanku?"

Ba wanda ya gane. Sai da suka zaunar da ita a sabuwar kujera, ta cire tabarau ta riƙe a cinya, sannan ta faɗa musu, a hankali, ba faɗa ba zargi, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce lokacin da duhun ya fara rufe ta Baba kaɗai ta gaya wa, kuma ta sa ya yi mata rantsuwa ba zai gaya wa yara ba, don ta san ranar da suka sani ranar za su raba ta da ɗakinta. Shi ne ya zauna ya yi mata hanya a jikin bango. Ƙullutu ɗaya, miƙe. Biyu, ga ƙofa. Uku, tsaya, akwai abu a gabanki. Kowanne kuma tun simintin na ɗanye ya danna masa babban yatsansa ta gefen da za ta nufa, in ta sa nata yatsan a ramin sai ya nuna mata hanya. Shuɗin fentin don idon hagu ne, ya riƙa tsinto ƙofa a jikin bango. Katakon ƙasa don ƙafarta ta san matakala ta zo. Kabad ɗin da ta tare hanya, ita take dafawa ta san ta kai rabin falo. Wata biyu ya yi yana riƙe da hannunta suna bi suna dawowa har ta haddace. Ta ce tun da ya rasu ba ranar da ba ta sa yatsanta a inda ya sa nasa ba.

Yaya bai yi wa Auta faɗa ba. Da ma ya zage ta, da ta fi samun sauƙi. Da zai tafi washegari ya ce aiki ba zai bar shi ya zauna ba, zai dawo nan da mako biyu, in Inna ta iya gidan shi ke nan, in ba ta iya ba kowa ya san alkawarin da aka yi.

Auta ta kwaso kayanta ta dawo gidan, ta kashe wayar aiki. Inna kuwa, matar da ba ta taɓa yarda a miƙo mata ko buta ba, ta koma zama a bakin gado, hannu a cinya, sai an zo an ɗaga ta. Idon hagun da take taƙama da shi bai tsinana mata komai ba, ko'ina ta juya fari ne fat, ba ƙofa ba bango. A rana ta biyu Auta ta fita sayen shuɗin fenti, ta ce minti ashirin, cunkoson motoci ya mai da shi awa ɗaya da rabi. Ta dawo ta tarar da Inna tsaye a tsakiyar falon nan mai faɗi da take alfahari da shi, hannu biyu a miƙe, ba abin da yatsunta ke kaiwa. Banɗaki ta fito nema. Zaninta ya jiƙe har ƙasa, kuma daga ganin tayil ɗin ta daɗe a tsaye a wurin. Auta ta ajiye gwangwanin fenti, ta kama hannunta ta kai ta, ta kawo wani zanin, ta goge ƙasa. Har yau ba wadda ta taɓa tayar da maganar a cikinsu.

Daga ranar ta zage damtse za ta mayar da gidan yadda yake. Aka dawo da kabad da kujeru. Ta shafa shuɗin fenti a gefen ƙofofi da hannunta. Ta je har gida ta durƙusa wa Kawu, bai ce ai na faɗa miki ba, kayan aikinsa kawai ya ɗauko. Kwana uku ya yi ya sake ɗora bangon lungu a kan sabon tayil, daidai inda zanenta ya nuna, ko yatsa bai kauce ba. Saura ƙullutai. Ta baje zanen a ƙasa tana neman su. Komai na ciki, har makunnin fitila da ramin soket, kowanne da lambarsa. Wurin ƙullutai kuwa rubutu ɗaya ne da hannunta a gefen takarda: bango, a kankare a goge. Ta buɗe hotunan da ta ɗauka kafin a fara aiki. Daga bakin ƙofa ta ɗauke su, don ta nuna wa mutane munin da ta gyara. Ta buɗa su ta ƙura ido har kanta ya yi ciwo, tara kawai ta iya tsintowa, su ma inuwa-inuwa. Kawu ya ce tsayin yana nan a ƙugunsa, amma wanne a ina, nawa a jere, ramin yatsa ina ya kalla, wannan kam ba zai yi mata ƙarya ba.

Suka tambayi Inna. Ta ce ita ba ta taɓa ƙirga su ba. Hannunta ne ya san su, wannan ya miƙa ta ga wancan, in babu na farko ba ta san inda na biyu yake ba. Ta yi ƙoƙari duk da haka, ta ce nan, sannan ta ce a'a can, sannan ta ce gidan ma ba ya amsa takunta kamar da, sabon tayil ya sauya masa murya. Aka dai manna ashirin da uku, tara a inda hoto ya nuna, sauran a inda lissafin Auta ya ce ya kamata su kasance. Ita ta bi ta danna musu yatsa tun suna ɗanye.

Da suka bushe, ana gobe Yaya zai zo, Inna ta ce a tsayar da ita a bakin falo a sake ta. Auta ta sani sarai don ita Inna take yi. Inna ta dafa bango, ta shafa, ta sami na farko. Ta sa yatsanta a ramin ta daɗe.

"Wannan naki ne," ta ce. "Ƙarami ne."

Ta ci gaba. Ta sami na biyu, ta dafa kabad, ta shiga lungu, har Auta ta fara murna. Biyun da ke nuna ƙofar ɗakinta an manna su gaba da inda ta saba da kamar taƙi ɗaya. Ƙafarta ta riga hannunta isa, ta juya a inda ta saba juyawa, ta tura hannu za ta tura ƙofa ciki. Ƙofar kuwa a buɗe take ta waje, don a cikin abubuwan da Auta ta mayar babu wannan, ta bar shi, tana ganin ko ba komai shi dai daidai ne. Gefen ƙofar ya sami Inna a gira. Ba wani babban rauni ba ne, ɗan tsaga ne, amma jini ya biyo gefen hancinta ya ɗiga a tayil. Auta ta zube a gabanta tana kuka irin na yara, da majina da shessheƙa, tana cewa ta yafe mata. Inna ta lalubo kanta ta dafa, ta ce ta tashi ta kawo auduga.

Yaya ya iso da hantsi. Auta ta shirya masa magana tun asuba: za ta saki gidan da take haya ta dawo nan gaba ɗaya, za ta ja igiya a bango, za a juya ƙofar yau ɗin nan, a ƙara mata wata ɗaya kawai, wata ɗaya. Ya ga filastar da ke girar Inna, ya buɗe baki, Inna ta riga su duka. Ta ce a haɗa mata kayanta, za ta bi shi.

Auta ta ce Inna ke fa kika ce a nan za ki cika. Ta ƙara da cewa za ta riƙe hannunta wata biyu, wata goma, yadda Baba ya yi, har ta haddace sabon.

"Na tsufa da hadda, Auta. Kuma a gidan yayanki in na ɓata hanya, baƙuwa ce ta ɓata, ba abin kunya. A nan fa? Shekara arba'in da huɗu. Ba zan iya zama ana nuna mini hanyar banɗakina ba."

Auta ta ninke kayan, akwati ɗaya da jaka, Yaya ya fita da su ya tayar da mota. Inna ta yafa mayafi ta miƙe daga bakin gado. Ta tambayi Auta wane launi ta sa wa bangon. Auta ta ce ruwan madara. Ta tambaya ya yi kyau? Auta ta gyaɗa kai, sannan ta tuna Inna ba ta gani, ta ce ya yi, Inna. Inna ta ce ai ta san zai yi, tun tana ƙarama hannunta ke da kyau, Allah ya yi mata albarka.

Ta gyara mayafin a kafaɗa. Ta ɗan juya hagu, ta ɗan juya dama, a tsakiyar ɗakin da ta haifi 'ya'yanta duka biyu. Sannan ta miƙa hannu, ba wajen bango ba, wajen da take jin numfashin Auta.

"Ina ƙofar take?"